Idan Sabar Bayanai Ta Yi Shiru, Wa Zai Tabbatar Ta Mutu?

A ranar 21 ga Oktoban 2018, ma'aikatan GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, suna aikin sauya wata na'urar sadarwa da ta fara ba da matsala a gabashin Amurka, sai layin da ya haɗa babbar cibiyar bayanansu da sauran cibiyoyin ya yanke. Daƙiƙa 43 kacal ya yi a yanke, ya dawo. Amma kafin shafin ya koma aiki yadda aka saba, sai da aka shafe awa 24 da minti 11. Babu faifan da ya ƙone, babu saba (kwamfutar da ke yi wa shafin hidima) da ta mutu. Manhajar da aka ɗora wa alhakin sa ido kan sabobinsu na MySQL (manhajar rumbun bayanai), mai suna Orchestrator, ita ce ta ji shiru daga jagororin gabas, wato sabobin da ke karɓar sababbin bayanai, sai ta miƙa ragama ga na yammacin ƙasar. Da layi ya dawo, aka tarar na gabas suna riƙe da rubutun 'yan daƙiƙoƙi da bai kai ga na yamma ba, su kuma na yamma sun riga sun fara karɓar sababbin bayanai da na gabas ba su san da su ba. Tarihi ya rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare na ɗauke da haƙƙin mutane.

Na fara da wannan labari ne domin ya nuna inda gizo ke saƙa. Duk mai kuɗi zai iya sayen saba ta biyu ya ajiye kusa da ta farko. Wahalar tana wajen yanke hukunci: yaushe za a ce ta farko ta mutu, wa ke da ikon faɗa, kuma ta yaya za a tabbatar ba ta ci gaba da karɓar rubutu a bayan fage ba.

Rumbun bayanai ya bambanta da sauran sabobi. Sabar da ke nuna shafin intanet ba ta riƙe ajiyar kowa. Idan kana da goma, ɗaya ta faɗi, sai a tura masu ziyara wajen tara da suka rage, babu wanda zai lura. Rumbun bayanai kuwa shi ne ma'aji. A wurinsa ake sanin nawa ya rage a asusu, wa ya sayi kujerar ƙarshe a jirgi, wane magani aka rubuta wa marar lafiya. Wanda zai gaje shi dole ya san duk abin da ya sani, har zuwa rubutun ƙarshe.

Masu wannan sana'a suna auna alkawarinsu da yawan lambar tara. Shekara tana da awa 8,760. Wanda ya ce rumbunsa zai kasance a kunne kashi 99.9 cikin 100 na lokaci, ya amince da tsayuwar kusan awa 8 da minti 46 a shekara. Kashi 99.99 kuwa minti 52 ne da 'yan kai, sannan 99.999 bai wuce minti 5 da daƙiƙa goma sha wani abu ba. Ka kwatanta da ɗan Adam: ƙararrawa ta buga da tsakar dare, injiniya ya farka, ya kunna kwamfuta, ya shiga, ya gano me ya faru, ya yanke shawara. A dare ɗaya zai iya cinye rabon shekara guda. Wannan ne ya sa ake miƙa wa manhaja aikin sa ido da sauya jagora, kuma daga nan ne sabon haɗari ke shigowa.

Yadda mai jiran gado ke bin sawu

A tsarin da ya fi yaɗuwa, ana haɗa sabobi biyu ko uku ko fiye su zama gungu ɗaya. Guda ce jagora, ita kaɗai ke karɓar rubutu. Sauran masu jiran gado ne. Duk canjin da za a yi, kafin jagora ta taɓa ainihin bayanan, sai ta fara rubuta shi a wani kundi da ake jera canje-canje ɗaya bayan ɗaya. Wannan kundin ne ake kwarara wa masu jiran gado ta layin sadarwa, su kuma su maimaita abin da ke ciki daidai yadda ya zo. PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai, ya samu irin wannan kwarara kai-tsaye a fitowarsa ta 9.0 a shekarar 2010.

Akwai tambayar da mai tsara gungu ba zai tsallake ba: yaushe jagora za ta ce wa manhaja "an ajiye"? Tana iya faɗa da zarar ta rubuta a faifanta, kwafi ya biyo baya. Wannan ya fi sauri, amma idan ta mutu a daidai lokacin, abin da ke kan hanya ya tafi, alhali an riga an shaida wa mai shi cewa ya shiga. Ko kuma ta jira sai mai jiran gado ya amsa cewa shi ma ya karɓa. Nan babu asara, sai dai kowane rubutu zai biya kuɗin tafiya da dawowa. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa. Idan tsakanin sabobin akwai kilomita 1,000, zuwa da dawowa ba zai gaza kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Idan kilomita 4,000 ne, ya zama kashi 40 cikin 1,000. Ƙaramin abu ne a ido, amma aikin da ke buƙatar rubutu ashirin a jere ya ƙara kusan daƙiƙa guda ke nan, kuma babu injiniyan da zai iya sa saƙo ya wuce gudun haske.

Tsarin jiran amsa yana da wani tarko da mutane da yawa ba sa hangowa. Idan mai jiran gado ɗaya ne tak kuma shi ne ya mutu, jagora mai cikakkiyar lafiya za ta tsaya cak tana jiran amsar da ba za ta zo ba. An kawo saba ta biyu don a rage tsayuwa, ga shi ta zama sanadin tsayuwa. Maganin da PostgreSQL ya bayar tun daga fitowa ta 10 shi ne a ajiye masu jira biyu ko fiye, a ce amsar kowane ɗaya daga cikinsu ta wadatar. MySQL kuma, a tsarinsa na tsaka-tsaki, yakan jira na daƙiƙa 10 idan ba a canza saitin ba, in bai ji amsa ba ya ci gaba ba tare da jira ba. Duk wanda ke amfani da shi ya kamata ya san da wannan, domin daga wannan lokacin kariyar da yake tsammani babu ita.

Shiru ba mutuwa ba ne

Mai sa ido yana aiki ne da abin da ake kira bugun zuciya: ɗan saƙo da sabobi ke aika wa juna a kai a kai don nuna suna raye. A rumbun bayanai na MongoDB, misali, ana aika shi kowace daƙiƙa 2, kuma idan aka yi daƙiƙa 10 ba a ji ɗuriyar jagora ba sai a kira zaɓe. To amma me shiru ke nufi? Wataƙila wutar sabar ce ta ɗauke. Wataƙila aiki ne ya yi mata yawa har ta kasa amsawa a kan lokaci. Wataƙila faifanta ne ya maƙale na ɗan lokaci. Wataƙila ita lafiyarta ƙalau, waya ce ta yanke tsakaninta da mai sa idon, tana can tana ta karɓar rubutu daga manhajojin da ke iya isa gare ta. Daga inda mai sa ido yake, duka huɗun kamarsu ɗaya. Wannan ba sakacin masu rubuta manhaja ba ne. Tun a 1985 Michael Fischer da Nancy Lynch da Michael Paterson suka kafa hujjar lissafi cewa muddin babu iyaka ga tsawon lokacin da saƙo zai iya ɗauka a hanya, babu tsayayyen tsarin da zai ba da tabbacin na'urori za su cimma matsaya a kowane hali, ko da guda ɗaya tak ce ke iya mutuwa.

Saboda haka wa'adin jira ciniki ne. Ka gajarta shi, ɗan tuntuɓen layi zai sa a tsige jagora mai lafiya, wani lokaci ma ragama ta riƙa yawo tsakanin sabobi, kowane sauyi yana yanke haɗin manhajoji. Ka tsawaita shi, ranar mutuwar gaske mutane za su daɗe suna kallon allo. A ganina gara a ɗan tsawaita. Tsayuwar rabin minti abu ne da ake ba da haƙuri a kai a wuce, bayanan da suka cakuɗe kuwa kan ɗauki kwanaki ana tsefe su.

Irin tambayar da mai sa ido ke yi ma tana da tasiri. Saba na iya amsa sallama alhali manhajar rumbun da ke cikinta ta mutu. Rumbun na iya buɗe ƙofa ya karɓi haɗi alhali faifansa ya cika, ba ya iya rubuta ko harafi. Gwajin kirki shi ne wanda ke yin abin da manhaja ta gaske ke yi: ya shiga, ya rubuta ɗan layi a wani teburi na musamman, ya karanto shi. Haka kuma bai kamata a dogara da ido ɗaya ba. Redis Sentinel, mai gadin rumbun bayanai na Redis, ya raba abin gida biyu: ganin mai gadi ɗaya cewa jagora ta faɗi zato ne kawai, sai adadin masu gadin da aka ƙayyade sun yarda kafin ya zama hukunci. Orchestrator shi ma kafin ya yanke hukunci yakan duba ko masu jiran gado su ma sun daina jin jagorar.

Yanzu mu duba gungu mai saba biyu kacal, mu kira su ta dama da ta hagu. Ta dama ce jagora. Layin da ke tsakaninsu ya yanke. Ta hagu ta ji shiru, ta ce jagora ta mutu, ta hau kujera. Ta dama ta ji shiru, ta ce mai jira ne ya mutu, ta ci gaba da aikinta. Kowace ta yi abin da aka koya mata. Lambar oda ta ƙarshe kafin yankewar ita ce 5,000. Wani ya saya ta ɓangaren dama, aka ba shi 5,001. Wata ta saya ta ɓangaren hagu, ita ma aka ba ta 5,001. Kujerar ƙarshe a jirgi an sayar da ita sau biyu. Idan layi ya dawo, babu manhajar da za ta iya cewa wanne ne gaskiya, domin duka biyun gaskiya ne. Wannan shi ne rabuwar kai, kuma shi ne abin da masu kula da rumbun bayanai suka fi tsoro. Ba a sarki biyu a zamani ɗaya.

Maganin farko shi ne rinjaye. A gungu mai ƙuri'a uku, babu ɓangaren da zai naɗa jagora sai yana da biyu. Duk yadda layi ya yanke, ba zai yiwu ɓangarori biyu su samu rinjaye a lokaci guda ba. Uku na jure mutuwar ɗaya, biyar na jure mutuwar biyu. Huɗu kuwa ba su fi uku juriya ba, tunda rinjayen huɗu uku ne, shi ya sa ake zaɓar adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. Ta ukun ba dole ba ne ta ɗauki bayanai. Ƙaramar na'ura ma ta isa ta zama 'yar raba gardama, kamar yadda ake yi da shaida a gungun Windows da SQL Server ke hawa kansa. Ƙa'idojin wannan zaɓe su ne Paxos, wanda Leslie Lamport ya wallafa a 1998, da Raft, wanda Diego Ongaro da John Ousterhout na Jami'ar Stanford suka fitar a 2014 da nufin ya fi sauƙin fahimta. Kuma inda aka ajiye ƙuri'un yana da nauyi daidai da yawansu. Uku a cikin akwati ɗaya, kan layin wuta ɗaya, ƙuri'a ɗaya ce a zahiri. Biyu a gini ɗaya, ɗaya a wani, yana nufin idan ginin farko ya tafi, wadda ta rage ba ta da ikon komai.

Sai dai rinjaye yana hana naɗa sarki biyu ne kawai, ba ya sauke tsohon da bai ji labarin an tsige shi ba. Dole a killace shi. Hanya mafi tsauri ita ce ta manhajojin kula da gungu Pacemaker da Corosync, wadda ake kira STONITH, gajarcen wata jimlar Turanci mai ma'anar a harbe ɗayar na'urar a ka. Kafin sabuwar jagora ta karɓi rubutu ko ɗaya, sai an aika umarni ta wata hanya dabam, ta na'urar rarraba wuta ko ta allon kula da ke jikin sabar, an kashe tsohuwar ɗungurungum. An daina hasashen ko ta mutu, an tabbatar da hakan da hannu. Na sha ganin ana ba da shawarar kashe wannan kariya don gungu ya tashi da wuri lokacin gwaji. Matsalar ita ce sau da yawa ba a komawa a kunna ta, gungun ya shiga aiki haka nan.

Hanya ta biyu ta fi laushi, kuma ita ce Patroni ke bi, manhajar da kamfanin Zalando na Jamus ya fitar don PostgreSQL. Jagoranci a nan aro ne mai wa'adi. Akwai wani mabuɗi da ke ajiye a ma'ajiya mai aiki da rinjaye, kamar etcd ko Consul ko ZooKeeper. A saitin asali, mabuɗin na daƙiƙa 30 ne, jagora kuma tana komawa ta sabunta shi kowace daƙiƙa 10. Idan ta kasa isa wurin, ita da kanta za ta sauka ta daina karɓar rubutu, domin ta san wa'adi na gab da cika kuma wani zai ɗauka. To idan Patronin kansa ne ya daskare fa, ya kasa sauke ta? Nan ake haɗa shi da wani agogon gadi a cikin na'urar, wanda idan ba a taɓa shi a kan lokaci ba zai sake kunna sabar gaba ɗaya kafin wa'adin ya ƙare. Sannan ba kowane mai jira ake bari ya tsaya takara ba: wanda aka bari a baya da fiye da megabait guda na kundin canje-canje ba ya cikin lissafi, sai in an canza ƙa'idar.

A nan ya dace a koma kan labarin GitHub, domin rinjaye ya yi aiki a ranar. Ɓangaren da ya fi ƙuri'a ne ya yanke hukunci, bisa ƙa'ida. Abin da ya ci su shi ne kwafin da ke tafiya yamma ba na jiran amsa ba ne, sannan manhajojinsu da ke gabas ba za su iya jure nisan rubutu zuwa ɗaya gefen ƙasar ba. Daga cikin gyaran da suka sanar bayan haka akwai hana Orchestrator ɗaga jagora daga wani yanki zuwa wani. Ni ma ra'ayina ke nan: sauyi tsakanin sabobin da ke kusa da juna a bar wa manhaja, ƙaura zuwa wani yanki mai nisa kuwa mutum ya sa hannu.

Bayan an naɗa sabuwar jagora, saura manhajoji su san inda take. Wasu na amfani da adireshi mai yawo wanda ke bin duk wadda ke kan kujera. Wasu na sa ɗan tsakiya irin HAProxy, wanda ke zagaya sabobin yana tambayar Patroni ta ƙofa mai lamba 8008; jagora ta amsa da 200, sauran su amsa da 503, shi kuma ya tura zirga-zirga inda aka ce 200. Wasu na canza sunan da ake neman sabar da shi a intanet ya nuna sabon adireshi, amma manhajar da ta haddace tsohon za ta ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Ɗan tsakiyar shi ma idan guda ne, an mayar da matsalar wani wuri ne kawai. Ita kanta manhajar dole a rubuta ta da sanin cewa haɗi zai yanke, ta sake gwadawa, kuma ta yi hattara: idan haɗi ya yanke bayan ta aika umarnin biya amma kafin amsa ta iso, ba ta san ko ya shiga ba. Maimaitawa ido rufe na iya cire kuɗi sau biyu, shi ya sa ake ba kowane aiki lambar shaida ta kansa don rumbun ya gane maimaici.

Akwai wasu tsare-tsaren. Oracle RAC na sa sabobi da yawa su yi tarayya a ma'ajiyar faifai ɗaya, wadda ita ma sai an kare ta. Galera na barin kowace saba ta karɓi rubutu, da sharaɗin idan biyu suka taɓa layi ɗaya a lokaci guda za a mayar da ɗaya baya. Duka suna komawa ga rinjaye da killacewa.

Abin da gungu ba ya yi shi ne kare ka daga kuskuren hannu. Idan wani ya ba da umarnin share teburi, masu jiran gado za su share nasu cikin ƙiftawar ido, domin aikinsu ke nan. Ajiyar ko-ta-kwana daban take, kuma wasu kan ƙara da mai jira guda da aka sa ya riƙa bin sawu da jinkirin awa ɗaya ko fiye da gangan, don a samu damar tsayar da shi kafin ɓarnar ta iso.

Mai jiran gadon shi ma yana buƙatar ido, har ma fiye da jagora, domin idan ya lalace babu mai kuka. A ranar 31 ga Janairun 2017, kwafin da ke zuwa saba ta biyu ta GitLab, wani shafi irin GitHub, ya tsaya saboda nauyin aiki. Wani injiniya yana ƙoƙarin sake gina ta, sai ya goge bayanai a kan jagora bisa kuskure, kusan gigabait 300. Ta biyun ba ta da abin bayarwa. Da aka je ga ajiyar da ake tsammanin ana yi kullum, aka tarar ta daɗe tana faɗuwa saboda saɓanin fitowar manhaja, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isa ga kowa. Wani hoton faifai da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin nan ne ya cece su, abin da aka rubuta a tsakani kuma ya salwanta. Don haka allon sa ido ya kamata ya nuna tazarar da ke tsakanin jagora da kowane mai jira, da sararin da ya rage a faifai, da yawan ƙuri'un da ke raye, da ranar da aka yi nasarar dawo da ajiya ta ƙarshe. Faifan jagora ma na iya cika saboda tana tara kundi tana jiran mai jiran da ya daɗe da mutuwa.

Sai gwaji. A zaɓi rana da tsaka, kowa na wurin aiki, a sanar, a cire wa jagora wuta, a riƙe agogo. Wata rana kuma kada a kashe ta, a toshe layinta kawai a ga ko za ta sauka da kanta. A nan ake gano mai jiran da aka saya ƙarami don tsimi, wanda ba zai iya ɗaukar nauyin rana ba, da kalmar sirrin da ba a kwafa ba, da manhajar da aka rubuta wa adireshin tsohuwar sabar a cikinta. Gwajin bai ƙare ba sai an dawo da tsohuwar jagora cikin gungu a matsayin mai jira. Tana iya tashi da 'yan rubuce-rubucen da ba su kai ga kowa ba, kuma kayan aiki irin pg_rewind, da ke mayar da ita daidai inda tarihi ya rabu don ta bi sabuwar jagora, zai shafe su. Kafin a kunna shi, a kwafe faifan a ajiye gefe, domin a cikin waɗannan 'yan layukan akwai wanda aka riga aka ce masa "an ajiye".